Uwargida ta ce fim ɗina kishiyarta ce

Assalamu alaikum, Yaya. Ni magidanci ne ɗan shekara 31, ina aiki a wani shagon buga kati da fosta a Zariya. Tun ina firamare nake zane. Shekara biyu ke nan ina haɗa wani gajeren fim na katun da fensir da takarda, ni kaɗai, daga bayan isha'i har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Labarin wani yaro ne da aka aika ya kai wa babansa abinci gona, akuyar gidansu ta biyo shi, hadari ya taso musu a hanya. Minti 14 na tsara. Abin da ya kammala zuwa yau minti 3 ne da sakan 20, alhali takardun da na zana sun kai 4,000, don farkon fim ɗin kaɗai sau uku ina sake shi. Duk sa'ad da na waiwaya sai in ga hannuna na yau ya fi na bara.

Iyalina ta gaji. Cewa take takardun nan kishiyarta ce, kuma kishiyar da ba ta fita girki. Bara na ari naira 180,000 daga kuɗin adashinta na sayi sikana da takardu, har yau ban mayar ba. Makon jiya ta ɗauki 'yarmu mai shekara ɗaya ta tafi gida, sai da na je biko. Yayana ya ce wasan yara nake da gemuna. Kawuna ya ce zanen mai rai haramun ne. Abokin aikina ya nuna mini a wayarsa yadda ƙirƙirarriyar basira ke fitar da katun kafin shayi ya huce. Ga yatsuna sun fara mutuwa da dare. Shin in sayar da babur ɗina in sayi allon zane na kwamfuta don in yi sauri, ko kuwa in tattara takardun in ƙyasta musu ashana in huta? Na haɗo maka sakan 40 daga ciki.

Mai zane, daga Zariya

Wa'alaikumus salam, ƙanena.

Sau biyar na kalli sakan 40 ɗin nan, kuma da shi zan fara, don sauran maganata ba duka za ta yi maka daɗi ba. Akwai inda yaron ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga kwanon da hannu ɗaya, ya gyara gammo da ɗayan, murfin ya yi ɗan tsalle ya koma mazauninsa, shi kuma ya zaro ido ya waiga ya ga ko uwarsa ta lura. Ba ta lura ba. Akuyar ce ta gani, ta karkaɗa kunne ɗaya. Wanda ya zana wannan ya taɓa ɗaukar tuwo a ka, ya san fargabar ɓarin miya. Saboda haka maganar ashana a bar ta. Ba ka nufe ta da gaske ba ma, gajiya ce da kunyar surukai suka sa ka rubuta ta.

Abin da na nema a wasiƙarka na rasa shi ne lissafi, kuma a wannan sana'a lissafi yana gaba da fensir. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu sun daɗe da gano cewa ido yana karɓar motsi ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 a sakan, kuma na ƙirga, haka kake yi. To minti 14 a wannan ma'auni zane 10,080 ke nan. Ka kammala sakan 200, wato zane 2,400 ne suka shiga fim a wata 24, ɗari a wata. Saura 7,680. In ka ci gaba a yadda kake, kana buƙatar wata 76 da 'yan kai, sama da shekara shida. 'Yarka da ke tatata yanzu tana aji biyu na firamare za ka gama, in ba ka sake waiwayawa ba, kuma kai da bakinka ka ce kana waiwayawa. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma mutane kan haɗiye ƙarashen karin maganar: sai dai a daɗe ba a je ba.

Wannan lissafin da kai ba ka yi a takarda ba, uwargida ta yi shi a zuci. Shi ya sa nake ganin maganarta ta kishiya ba baƙar magana ba ce kawai, bayani ne daidai wa daida. Mace tana iya zama da kishiya in an raba kwana da adalci. Abin da ba ta iya jurewa shi ne wadda ke riƙe da girki kullum, an kashe mata kuɗin uwargida wajen kayan ɗaki, kuma duk ranar da aka tambayi maigida yaushe za a sassauta sai ya ce an kusa. Sau nawa ka ce mata an kusa? Ni na san ka faɗa, don duk mai irin aikinka yana faɗa, kuma yana faɗa ne da zuciya ɗaya. Amma ita abin da take gani shi ne ta gama shirin kwanciya, ta shafa turare, ta yi barci tana kallon bayanka da hasken fitila. Dare 700 da wani abu. Ba zanen take ƙi ba, in ka bincika. Rashin ranar ƙarewa ne ya kai ta gidansu.

To ka ba abin rana, kuma ranar da za ta tabbata. Hakan ba zai yiwu da minti 14 ba. Ka yanke fim ɗin ya koma minti 5.

Na san yadda wannan zai sauka a ƙirjinka. Za ka ce labarin ba zai cika ba. Ka aiko mini da tsarin fim ɗin tare da bidiyon, na karanta: yaro ya fita, ya ratsa kasuwa, ya ci karo da 'yan rakiyar amarya, ya zauna ƙarƙashin tsamiya ya yi mafarkin akuyar tana magana, sannan hadari, sannan rafi ya kawo, sannan gona. Ƙanena, kasuwa da biki ba labarinka ba ne, nuna bajinta ne. Kasuwa mutum 30 ce kowa yana motsi, kowane motsi kai za ka zana shi. Kuma ka sa wa 'yan rakiyar amarya atamfa mai fure! Ka san kowane fure sai ka maimaita shi a kowace takarda, a daidai inda yake, in ba haka ba ya riƙa rawa a jikin zani kamar kiyashi. Ba banza ba masu katun ke sa wa mutanensu tufa mai launi ɗaya. Labarinka yaro ne, da kwano, da akuya, da ruwa, da uban da ke jiran abinci. Tambayar da mai kallo ke riƙe da ita ɗaya ce: tuwon nan zai isa ko ba zai isa ba? Duk abin da bai taɓa kwanon ba, ka cire shi. In kasuwar ta zame maka dole, mu ji ta da kunne: hayaniyar masu talla da ƙarar injin markaɗe, mu kuma muna kallon ƙafafun yaron da na akuyar kawai suna ratsa inuwar rumfuna. Mai kallo zai cika sauran da kansa, ya taɓa shiga kasuwa.

Minti 5 sakan 300 ne, ka riga ka yi 200, saura 100. Waɗannan kuma ba dole su tafi a zane 12 ba. Inda motsi ke da nauyi da natsuwa, zane 8 a sakan ya wadatar. 'Yan Japan sun gina masana'anta guda a kan wannan tsumulmula, ba wanda ya ce sun gaza. Inda yaro ya tsaya yana kallon sama, zane ɗaya zai iya riƙe sakan biyu, ido kawai za ka ƙyafta masa. Tafiya kuwa, taku biyu ne ake zanawa, kamar zane 12, a riƙa juya su, bango ne ke wucewa a baya. Ruwan sama zane uku ko huɗu ne da ake maimaitawa a kan komai. Ka adana ƙarfinka don wurin tsallake rafi, can ne ya cancanci zane 12 ko ma 24, don can ne zuciyar mai kallo za ta tsinke. A dunƙule, zane 800 ya kamata ya kai ka. Hannunka na gaskiya, in an haɗa da waɗanda ka zubar, yana fitar da kusan 165 a wata kana aiki kullum. In ka koma kwana huɗu a mako zai zama kamar 95. Wata takwas da rabi ke nan. Ka ƙara wata uku na sauti da launi da haɗawa. Shekara guda. Wannan magana ce da za ka iya kallon idon uwargida ka faɗa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Kafin ka taɓa sabuwar takarda, ka yi abin da na tabbata ka tsallake tun farko. Ka zana fim ɗin gaba ɗaya a 'yan ƙananan hotuna marasa kyau, hoto ɗaya ko biyu ga kowane yanki, ka ɗauke su da waya, ka jera su da tsawon da kowanne zai ci, ka ɗora sauti ko da da bakinka ne kake kwaikwayon tsawa. Aikin kwana uku ne. Ka nuna wa mutum uku waɗanda ba su san labarin ba, kada ka yi musu bayani, ka kalli fuskarsu. Inda suka duba waya, nan za ka yanke. Ya fi sauƙi ka jefar da hoton minti biyu a kan ka jefar da aikin wata biyu. Haka kuma kowane motsi, ka gwada shi da ɗanyen zane a waya kafin ka tsaftace layi. Magana kuwa ka rage ta iya raguwa, don kowace kalma sai ka bi ta da siffar baki, kuma sai an naɗi muryar kafin a zana. Yaro da akuya ba su da abin tattaunawa mai yawa. Fim marar magana ma ya fi saurin tsallake iyaka, ba ya neman tafinta.

Kada ka raina minti 5. A nan kusa da mu, a Nijar, an yi Moustapha Alassane, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. Makaniki ne tun farko, ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, a Yamai, daga baya ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, wani gwanin katun, a kusa. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki: baƙin layi a kan fari, ba ado, tsawonsa kamar minti 5. Shekara kusan 60 ke nan ana nuna shi, ana dariyar yadda kwaɗi suka kwaikwayi faretin manya. Mutumin ya zauna a Tawa, ya buɗe masauki, ya mai da wasu ɗakunan wurin aikinsa, ya ci gaba da yi har ya rasu a 2015. Abu biyu nake so ka ɗauka daga gare shi. Ya gama ya wuce zuwa na gaba. Kuma yana da abin da ke kawo cefane a gefe, bai ɗora wa katun nauyin tukunya ba.

Yanzu ciwonka na ainihi, waiwaye. Ka ce hannunka na yau ya fi na bara. Gaskiya ne, kuma na baɗi zai fi na yau, don aikin ne ke koya maka. Ke nan in dokarka ita ce farko sai ya yi daidai da ƙarshe, ba ranar da za ka gama, kana zagaye ne kamar jakin da aka ɗaure a turke. Zane 1,600 ka zubar a wannan zagaye. Da gaba ka tura su, da yanzu fim mai minti 5 yana hannunka, har da canji.

Wannan cuta ta kama waɗanda suka fi ka nesa ba kusa ba. Richard Williams, haifaffen Kanada da ya yi aikinsa a Landan, gwani ne da masu sana'ar ke cire wa hula, ya ci lambar Oscar, babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka, ba sau ɗaya ba. A 1964 ya fara wani dogon fim da yake so ya zama ba kamarsa. Ya yi ta ƙawatawa, yana sakewa, yana ƙara wuya a kan wuya, har shekara 28. A 1992 wa'adin masu kuɗi ya cika bai gama ba, aka karɓe fim ɗin daga hannunsa, wasu suka ƙarasa shi yadda suka ga dama, aka fitar da abin da ba shi ya nufa ba. Gani ga wane. Kai ba kamfani ne zai karɓe naka ba. Gajiya ce, ko gara, ko aure da ya tsage.

Ga abin da za ka yi a aikace. Ka tattara takardun sakan 200 ɗin da suka kammala, ka tabbata kowace tana da lamba kuma ka ɗauke ta a sikana, ka zuba su a leda mai kauri, ka sa a akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, ka ɗora a kan bulo nesa da bango, ka kulle. Makullin ka damƙa wa uwargida, ka ce kada ta ba ka sai ranar da ka zana takarda ta ƙarshe, ko da ka yi rantsuwa cewa ido ɗaya kawai za ka gyara. Ba wasa nake ba. Shekara biyu tana kallon takardun nan a matsayin abin da ya ƙwace mata miji. Ranar da makulli ya shiga hannunta, matsayinta a kansu ya canja. Kuma in za a faɗi gaskiya, bambancin da kake gani tsakanin farko da yanzu kai kaɗai kake ganinsa da girma. Ni sakan 40 ɗin da na yaba, daga wane zubi yake? Ban tambaya ba, ban kuma damu ba.

Kuɗinta. A nan ba zan yi maka sassauci ba. Adashi ba kuɗin banza ba ne, ɗari biyar-biyar ne da dubu-dubu da ta tsuke bakin aljihu ta zuba, ta jira kwasarta ta zagayo, wataƙila da niyyar firji ko keken ɗinki. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita taka ba, kuma ka ce aro ka yi. Aron da ya shekara ba a ambatonsa, mai shi kan fara zargin an cinye ne. Ina kyautata zaton rabin fushinta a nan yake, tana jin nauyin ta fito ta ce ba ni kuɗina sai ta ce kishiya. Ka zaunar da ita, ba a gado ba, ba da dare ba, ka ce: "Kuɗinki naira 180,000 suna wuyana, na yi kuskure da na yi shiru. Duk ƙarshen wata zan ba ki 15,000 har wata 12." Ka rubuta a takarda, kai da ba ka rasa takarda. Ka lura wata 12 ɗin ya yi daidai da wa'adin fim, bashi da aiki su ƙare tare. Shagon da kake aiki ba ya rasa masu neman zanen tambari ko hoton biki. Ka karɓi ɗaya ko biyu a wata don wannan biyan kaɗai.

Abin da ba za ka ce mata ba shi ne fim ɗin zai kawo kuɗi. Gajeren fim da wuya ya mayar da abin da aka kashe masa, a nan ko a Turai. Abin da yake yi shi ne ya zame maka shaida. Mai son tallar katun, ko ƙungiya mai son faɗakarwa kan rigakafi da Hausa, ko masu shirya darasin yara, ba sa ba da aiki ga wanda ya ce yana da fim a akwati. Suna ba wanda ya ce ga shi, minti 5, kalla. Wannan ƙofa ce mai yiwuwa ta buɗe, ba alkawari ba ne, kuma haka za ka faɗa mata.

Sai rabon kwana. Huɗu na fim, uku na gida, kuma na gidan su zama na gida, ba ka zauna kusa da ita kana zana akuya a bayan kwalin ashana ba. Ita za ta zaɓi kwanakinta. In za ka iya, ka mai da wani ɓangare na aikin bayan sallar asuba: ido ya huta, gari shiru, haske na zuwa kyauta, ba ruwanka da ɗauke wuta. Awa biyu na asuba sun fi huɗu na tsakar dare da kake yi kana gyangyaɗi, gobe ka goge rabin abin da ka zana.

Babur kuwa kada ka sayar. Da shi kake zuwa shago, da shi za ka kai yarinya asibiti in zazzaɓi ya tashi cikin dare. Allon kwamfuta ba ya rage adadin zane, 800 ɗin nan suna nan ko a takarda ko a gilashi, kuma sai ka ci watanni kafin hannunka ya saba da santsinsa. Ga shi layin zai bambanta da na sakan 200 na farko, abin da zai ba ka sabon dalilin sakewa karo na huɗu. Ƙurar fensir ɗin nan da ɗan rawar da layinka ke yi, su ne gishirin abin. Abin da kwamfuta za ta yi maka shi ne jerawa da launi da haɗa sauti, kuma akwai manhajoji na kyauta da suka isa, irin su Krita da OpenToonz, wadda aka saki kyauta a 2016. Kwamfutar shago ma za ta iya, in maigidanka ya yarda bayan an tashi. Abin da ya kamata ka kashe wa kuɗi bai kai farashin taya ɗaya ba: filashi biyu. Ɗaya a gida, ɗaya a gidan iyayenka, ka kuma tura kwafi ta intanet duk ƙarshen mako. Ni na taɓa rasa rubutun wata bakwai a waya ɗaya da aka zare mini a tasha, har yau in na tuna sai in ji ɗaci a baki.

Yatsun da ke mutuwa da dare ba abin ɗagawa ba ne. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, sau da yawa alama ce ta jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ta matsu, kuma tun da wuri ake maganinta cikin sauƙi. Ka je asibiti a makon nan, kada ka tsaya wurin mai kemis. Ka naɗa wa fensir tsumma ko roba ya yi kauri don ka daina damƙe shi kamar za a ƙwace, ka karkata allon zanen, ka riƙa miƙewa duk rabin awa. Frédéric Back na Kanada, wanda ya shafe kusan shekara biyar yana zana fim mai minti 30 kan wani makiyayi mai shuka itatuwa, zane wajen 20,000, ya ci Oscar a 1988, da ido ɗaya ya yi wannan aiki. Na daman ya lalace tun a wani fim da ya gabata, sanadin sinadarin da ake fesa wa zane. Ana ba da labarin don a jinjina masa. Ni ina ba ka ne don ka ji tsoro.

Maganar kawu magana ce ta ilimi, kada ka yi masa gardama a tsakar gida. Hadisan da suka tsananta kan masu sura suna cikin Buhari da Muslim, ba ƙirƙira ya yi ba. Malamai kuma sun yi saɓani kan iyakar hanin. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, ya bambanta sura mai jiki da inuwa, irin gunki, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda ba su kai shi ga haramci ba. Wasu malaman sun tsananta a duka. Fatawa ba aikina ba ne. Ka ɗauki wayarka ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka nuna masa abin da kake yi da idonsa, ka saurara da niyyar bi. Mutum ba ya zana abu 800 da zuciya biyu. Yayanka kuwa ba ya buƙatar amsa yanzu, kujera zai buƙata ranar nuni.

Abokin aikinka ya yi gaskiya, na'urar tana da sauri, kuma za ta ci wasu ayyukan talla da da hannu ake yi, ba zan ɓoye maka ba. In katun kawai kake so ya wanzu a duniya, ga hanya nan. Amma kai ka san ba shi ya hana ka barci shekara biyu ba. Ka ce masa ya umarce ta ta fitar da yaro mai gyara gammo yana tsoron idon uwarsa, ku kalli abin da za ta ba ku tare.

Sauti kada ka bar shi sai ƙarshe kamar gyaran miya, rabin fim ne. Damina na zuwa: ka naɗi ruwa a kan kwanon rufi da ruwa a kan ganyen dawa, ba ɗaya suke ba. Ka naɗi murfin kwanon samira yana kaɗawa, da kukan akuya na gaske, cikin dare ko da sassafe kafin janareto su farka. Kada ka ɗauko waƙar wani ka ɗora, ko da ta tsohon mawaƙi ce da kake ganin ta zama ta kowa. Bukukuwan fina-finai suna tambayar izini a rubuce. Mai sarewa ko mai gurmi ɗaya a unguwarku, ka biya shi, ya sa hannu, ya ishe ka. In an gama, kada ka yi gaggawar ɗorawa a YouTube, wasu bukukuwan ba sa karɓar abin da ya riga ya bazu. Akwai FESPACO a Wagadugu, wanda aka kafa a 1969, ana kuma yin sa duk bayan shekara biyu, yana da ɓangaren katun. Akwai Annecy a Faransa duk watan Yuni, wanda na katun ne zalla. Ka karanta sharuɗɗan kowanne kafin ka tura, kuma ka shirya wa amsar "a'a" da yawa.

Amma nunin farko ba nasu ba ne. Farin zanin gado a bangon tsakar gida, majigin aro, tabarmi, bayan isha'i. Ka gayyaci yayanka da surukanka. A jerin sunaye na ƙarshe, wanda ya zuba kuɗi a fim sunansa furodusa, kuma a naka fim ɗin mutum ɗaya ce ta zuba. Ka tambaye ta tun yanzu wane suna take so a rubuta, nata na yanka ko wanda kake kiranta da shi.

Ka rubuto mini bayan wata uku. Ba bayani nake so ba, lamba biyu kawai: zane nawa aka yi daga cikin 800, naira nawa aka biya daga cikin 180,000.